Dandalin Kwamfuta: Wane Falle Za Ku Ɗora a Sama?

Makon jiya mun tsaya a kan yadda ake zuba alƙaluma a jadawali, kowane abu a gidansa. Yau za mu fito da waɗannan alƙaluma fili, inda mutum zai duba sau ɗaya ya gane halin da ake ciki. Abin da ake wannan aiki da shi sunansa dashbod, mu kuma a nan za mu riƙa ce masa allon bayanai.

Kalmar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa zama gidan gaba a motar haya daga Katsina zuwa Funtuwa. Dashbod shi ne wurin nan da ke gaban direba, mai allurar gudu, da allurar mai, da 'yar fitilar da ke kamawa idan inji ya ɗauki zafi. Asalin sunan tun zamanin keken doki ne a Turai. Katako ne da ake kafawa a gaban mai tuƙi don ya tare masa taɓon da kofaton doki ke watsowa. Da mota ta zo aka jera agogunanta a wannan wuri, sai sunan ya bi su. Direba ba ya tsayawa ya buɗe bonet kowane minti biyar. Kallo ɗaya ya ishe shi ya san ko zai kai Malumfashi da man da ke tanki.

Allon bayanai na kwamfuta haka yake, sai dai shi yana amsa taɓi. Ka danna sunan wata unguwa, alƙaluman su juye su zama nata. Ka kashe wani sashe, ka kunna wani. Abubuwa biyu ake gina shi da su, kuma muna so ku rarrabe su tun yanzu. Akwai akwati, wato gida mai kusurwa huɗu da ke ɗauke da abu ɗaya: lamba, ko zanen sanduna, ko taswira. Akwatuna gefe da gefe suke zama, kamar shagunan Babbar Kasuwa. Akwai kuma falle, wanda shi a kan ɗan'uwansa ake ɗora shi, kamar singileti da 'yar ciki da babbar riga. Wanda ya gamu da kai a hanyar idi babbar rigar zai gani. Sauran suna nan, amma an rufe su. Maganarmu ta yau kusan duk a kan wannan take: wa ya rufe wa, kuma wa ya yanke shawarar hakan.

Kada ku ɗauka wannan kwalliya ce ta masu son burgewa. Da yawa daga cikinku kuna tafiya da ƙafafunku biyu yau, kuma irin wannan allo yana da hannu a ciki.

A shekarar 2012, lokacin da yawancinku kuna goye ko kuna tatata, an samu yara 122 a Najeriya da ƙwayar shan inna ta daji ta kama. A duniya gaba ɗaya 223 aka samu a shekarar, ke nan fiye da rabi namu ne, kuma Katsina tana cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Ana fita rigakafi gida-gida, ana ɗiga wa yara magani a baki, ana shafa musu tawada a ɗan yatsa, ana rubutu da alli a jikin bango ko ƙyaure. Kun san wannan rubutu, har yanzu ana ganinsa a lungunan Rafindadi da Sabuwar Unguwa. To, duk da haka cutar ta ƙi mutuwa. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga ciki ya shafi darasinmu kai tsaye: taswirar da ma'aikata ke bi da hannu ake zana ta, daga abin da mutum ya tuna. Wanda ya zana bai san da wata ruga da aka kafa bayan gari ba, sai ta zama babu ita a takarda. Ƙauyen da ke kan iyakar mazaɓa biyu, wannan ayari ya ɗauka na wancan ne, wancan ya ɗauka na wannan ne. Da yamma kowa ya kawo rahoto cewa ya gama yankinsa, kuma ba lalle ƙarya ya yi ba. Ya gama abin da ke takardarsa.

Sai aka sake dabara. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da Gidauniyar Bill da Melinda Gates, da ƙungiyar eHealth Africa mai babban ofishi a Kano, suka haɗa hannu aka zana sabuwar taswirar jihohin Arewa guda 10, har da Katsina. Ku lura da yadda aka jera ta. A can ƙasa aka shimfiɗa hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama, wanda ke nuna rufin kwano da ɗakunan ciyawa. A kansa aka ɗora fallen garuruwa, inda aka kewaye kowane gari da ƙauye da ruga, aka kuma tura mutane ƙafa da ƙafa su tambayo sunayensu. A kan wannan aka ɗora iyakokin mazaɓu. Manyan garuruwa irin Katsina aka yanka su gida-gida kamar allon dara, kowane gida mita 50 tsawo, mita 50 faɗi.

Falle na ƙarshe shi ne sabon abu. Aka ba ayarin rigakafi waya su saka a jaka ko aljihu. Ba kira za su yi da ita ba. Aikinta kawai ta riƙa rubuta inda take duk bayan minti biyu. Da yamma a tattara wayoyin, a kwashe abin da suka rubuta, a zuba shi a kan taswirar a matsayin ɗige-ɗige. Gidan darar da ɗigo ya faɗa cikinsa, an shiga. Wanda ya zauna fayau, ba a shiga ba. A cibiyoyin ɗaukin gaggawa na shan inna, waɗanda aka buɗe a Abuja da Kano da Katsina da wasu jihohi, jami'ai suna zaune gaban babban allo suna kallon wannan, kuma kashegari a mayar da ayari wurin da aka tsallake.

Babu falle ɗaya daga cikin waɗannan da zai faɗa maka an tsallake yaro. Hoton sama gidaje kawai yake nunawa. Ɗige-ɗigen waya, in ka kalle su su kaɗai a kan farar takarda, kamar gero ne ya zube. Sai da aka ɗora wannan a kan wancan sannan giɓin ya fito, kuma giɓin ake nema. A 2013 adadin ya sauko 53, a 2014 ya zama 6. Na ƙarshe an same su a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Ba mu ce taswira ce ta yi aikin ita kaɗai ba. Matan da suka sha rana suna shiga gidaje, da sarakuna da masu unguwanni da malamai da suka shawo kan iyaye, su ne ƙashin bayan abin. Sannan ɗigon waya yana nuna an bi ta ƙofar gida ne kawai, ba ya nuna an buɗe bakin yaro. Har yanzu kuma akwai wani nau'in cutar da ke yawo, shi ya sa ba a daina zuwa gidajenku ba. Amma wanda ya jera waɗancan falle-falle ya san abin da yake yi.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan, ta kashe mutum sama da 600. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, daga baya ya zana taswirar unguwar, ya ja ɗan baƙin layi a kan kowane gida da aka yi rashi, ya kuma sa alamar kowane famfo. Layukan suka taru jingim a kewayen famfon titin Broad. Tituna falle ɗaya, mace-mace falle ɗaya, famfuna falle ɗaya. A shekarun 1960 ne wani masani, Roger Tomlinson, ya jagoranci mayar da irin wannan aiki cikin kwamfuta a ƙasar Kanada.

To, mu zo kan namu. Tunda ruwa ya shigo maganar, bari mu ɗauke shi, don babu ɗalibin Katsina da bai san zancen ruwa ba. Madatsar Ajiwa ce ta daɗe tana shayar da birnin, amma gari ya faɗaɗa, unguwanni da yawa sun dogara da rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa. A ce ajinku ya yanke shawarar yin allon da zai nuna halin ruwa a unguwanni uku da ke kewaye da makarantarku, don a kai wa mai unguwa ko kansila.

Kafin ku taɓa kwamfuta, ku rubuta tambaya ɗaya a saman takarda. Ɗaya tak. Misali: ina ne mutane suka fi nisa da burtsatse mai aiki? Duk akwatin da za ku ƙara, da duk fallen da za ku ɗora, ku tambaye shi ko yana taimakawa wajen amsa wannan. In bai taimaka ba, ku bar shi a waje komai kyansa. Mun sha ganin allon da aka cika shi da zane goma sha biyu, kowane launi na duniya yana ciki, amma ka gama kallo ba ka san abin da ake son ka yi ba.

Sannan ku fita tattara bayani, ku biyu-biyu ko uku-uku, da izinin malami da sanin mai unguwa. A kowace burtsatse ta jama'a ku rubuta sunan da aka san ta da shi, ko tana aiki ko ta mutu, da ranar da kuka je. Ku buɗe Google Maps a waya, ku danna yatsa a kan inda kuke tsaye ku riƙe, lambobi biyu za su fito. A Katsina ta farko tana kusa da 13, ta biyu tana kusa da 7.6. Ku kiyaye da wannan jeri. Wanda ya juya su, ya sa 7.6 a farko, burtsatsensa za ta tashi daga Ƙofar Ƙaura ta sauka a ƙasar Kamaru, can yankin Ngaundere. Wanda kuma ya cika gidajen da sifili don ya manta bai ɗauko lambar ba, tasa za ta faɗa tsakiyar teku, kudu da Ghana. In kun ga ɗigo ɗaya ya yi hijira shi kaɗai, ku koma jadawali, a can matsalar take.

Yanzu jeri. Ƙa'idar da masu taswira ke bi mai sauƙi ce: mai faɗi a ƙasa, siriri a kansa, ɗigo a sama, rubutu a saman kowa. Taswirar gari ita ce tabarma. A kanta iyakokin unguwanni ko mazaɓu, waɗanda fili ne mai faɗi. Ƙaramar hukumar Katsina tana da mazaɓu 12, irin su Wakilin Kudu da Wakilin Arewa da Kangiwa da Shinkafi, jihar kuma tana da 361 a ƙananan hukumomi 34, kuma shirin GRID3 ya saka iyakokinsu a intanet kyauta tare da wuraren makarantu da asibitoci. A kan iyakoki sai layuka, wato tituna da magudanan ruwa. Sannan ɗigo, su ne burtsatsenku. In kuka juya wannan jeri, kuka ɗora filin mazaɓa mai kaurin launi a sama, ya haɗiye komai. Ɗalibi ya yi ta kuka cewa aikinsa ya goge, alhali yana nan lafiya lau a ƙarƙashin babbar riga. Maganinsa biyu ne: ko a ja filin ƙasa, ko a rage kaurin launinsa har ya zama shara-shara, ana hango abin da ke bayansa.

Wannan ƙa'ida ta warware rikicin fili da layi da ɗigo. Ba ta warware rikicin ɗigo da ɗigo ba, kuma a nan ne muke so ku natsu.

A ce kun ƙirga burtsatse 20, 12 suna aiki, 8 sun mutu. Kun raba su falle biyu, masu aiki shuɗi, matattu ja. A cikin gari sau da yawa sabuwa tana kusa da tsohuwa, taku kaɗan tsakani, don haka in aka janye taswirar baya don a ga unguwannin uku gaba ɗaya, ɗigon biyu za su hau kan juna. Ku ɗora shuɗi a sama: kansila ya duba ya ga shuɗi ko'ina da ɗan ja nan da can, ya ce ai alhamdu lillahi, ruwa ya wadata. Ku ɗora ja a sama: ya duba ya ga unguwa ta yi jajir, hankalinsa ya tashi. Alƙaluma ɗaya ne, ba a ƙara ba a rage ba, babu wanda ya yi ƙarya. Jan falle ɗaya sama da aka yi da linzamin kwamfuta, cikin daƙiƙa biyu, shi ya sauya labarin.

Wanne ne daidai? A ganinmu, ku koma ga tambayar da kuka rubuta a saman takarda. In tambayar ita ce ina za a kai mai gyara, matattu ne za su hau sama. In tambayar ita ce ina uwa za ta aiki yaro ɗiban ruwa gobe da safe, masu aiki ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya bar manhaja ta zaɓa masa, don ita wanda aka ƙara daga baya kawai take ɗorawa a sama, ba ruwanta da wanda ya fi muhimmanci. Kuma ko wanne kuka zaɓa, ku kafa akwatin lamba a sama, da manyan haruffa: 12 suna aiki, 8 sun mutu. Lamba ba ta ɓuya a bayan 'yar'uwarta. Ku kuma bar wa mai kallo maɓallin kashe kowane falle da kunna shi, ya duba da idonsa. Wannan ne amfanin allo mai amsa taɓi a kan hoton da aka buga a takarda.

Wataƙila kun lura mun ce shuɗi da ja, ba mu ce kore da ja ba. Akwai mutane, galibi maza, da idonsu ba ya rarrabe kore da ja sosai, kuma da yawansu ba su ma sani ba. In da hali ku bambanta siffa ma: mai aiki da'ira, matacciya kuros. Ko da an buga allon a injin hoto mai baƙi da fari, za a gane.

Akwatuna kuma fa? Ido yana fara sauka a sama ta hagu idan rubutun boko ne, don haka nan ne gidan amsar tambayarku. Taswira ta ɗauki babban wuri a tsakiya. A gefe ku sa zanen sanduna mai kwatanta unguwannin uku, a ƙasa kuma, in kun bi farashin jarka wajen 'yan ga-ruwa mako-mako, ku sa layin da ke nuna hawa da saukarsa. Akwatuna huɗu ko biyar sun isa. Akwai wasu ƙanana da dole su hau kan taswirar kanta, kamar mabuɗin da ke fassara launuka da matatar zaɓen unguwa. Ku nema musu kusurwar da babu komai, daji ko fili, kada mabuɗi ya zauna daram a kan burtsatse uku. Sannan ku buɗe allon a waya ku gani. Mai unguwa ba da kwamfuta zai duba ba. A waya wuri ƙanƙane ne, abin da ke zaune lafiya a gefe yakan matse, ko ya gangara ƙasa inda ba kowa zai kai ba.

Matata tana da nata tarkon. Idan mutum ya zaɓi unguwa ɗaya, ya kamata taswira da lamba da sanduna su juya tare. In taswira ta koma unguwa ɗaya amma lambar sama tana nan a kan jimillar uku, mai kallo zai tafi da lambar da ba ta wurin ba. A manhajar Google ta yin irin wannan allo, wadda aka sani da Looker Studio ko Data Studio, in ka ɗaure matata da wasu akwatuna a rukuni ɗaya, su kaɗai za ta riƙa juyawa. Yana da amfani in da gangan aka yi. In ba da gangan ba, ku gwada kowace unguwa ɗaya bayan ɗaya, ku ga akwatin da ya ƙi motsi.

Da me za ku yi aikin? Mai intanet ya gwada Google My Maps a kwamfuta. Kyauta ne, yana karɓar falle har 10 a taswira ɗaya, yana ɗaukar jadawalinku kai tsaye, kuma kowane falle yana da ɗan akwatin kashewa da kunnawa a gefensa. Wanda ya ƙware ya nemi QGIS, manhajar da ƙwararru ke aiki da ita, ita ma kyauta, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar data. A cikinta fallen da ke saman jeri shi ne a saman taswira. Amma mun san ɗakin kwamfutar makarantu da yawa, wuta sai an tayar da janareta, intanet kuwa sai labari. To PowerPoint ma ya isa ku koyi komai na yau. Ku saka hoton taswira, ku zana ɗigo a kai, sannan ku danna Alt da F10 tare. Wani jeri zai fito a gefen dama mai ɗauke da sunan duk abin da ke shafin. Na sama a jerin shi ne na gaba a shafi. Kuna iya jan kowanne sama ko ƙasa, kuma alamar ido da ke gefensa tana ɓoye shi ko ta fito da shi. Ku zaɓi duk jajayen ɗigo ku danna Ctrl da G, sun zama rukuni ɗaya, wato falle ɗaya. Wannan jeri yana nan a Excel da Word ma.

Da kun buɗe jerin za ku ga sunayen da manhaja ta raɗa da kanta, da'ira ta 14, da'ira ta 15, akwati na 32. Ku sake musu suna nan take: burtsatse matattu, iyakar unguwa, mabuɗi. Aiki ne mai gundura, mun sani. Amma aikin aji hannu da yawa ke taɓa shi, kuma 'yan aji biyu da za su gaje shi baɗi ba za su same ku su tambaya ba, kuna can kuna fama da JAMB.

Wanda makarantarsu ba ta da kwamfuta ko ɗaya, kada ya ce an bar shi a baya. Ku zana taswirar unguwa a kwali. Ku sayi farar leda mai garai-garai, irin wadda ake rufe littafi da ita, ku yanka falle uku daidai girman kwalin, ku maƙale su da kilif a gefe ɗaya. Ku zana masu aiki a falle ɗaya da maka, matattu a na biyu, bola da kwatami a na uku. Ɗaga leda shi ne kashe falle, sauke ta shi ne kunnawa. Masu tsara birane da haka suka yi aiki shekara da shekaru kafin kwamfuta ta zo, kuma falle na ukun nan zai iya nuna muku rijiyar da ke maƙwabtaka da kwatami, irin abin da ya tayar wa likitan Landan hankali.

Kowane akwati ya ɗauki kwanan wata da inda aka samo bayaninsa, ko da da ƙananan haruffa ne. Burtsatsen da ke aiki a watan Janairu tana iya ƙafewa a Afrilu. In kun sa yawan jama'a, ku tuna ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, kafin a haifi kusan dukkanku, don haka duk lambar da kuka samu ta yau kiyasi ce, ku rubuta hakan a jikinta. Wurin da ba ku samu zuwa ba kuma ku shafa masa ruwan toka, ku rubuta ba a duba ba. In kun bar shi fari, mai kallo zai ɗauka babu matsala a can, kuma kun ga abin da irin wannan ya jawo wa rugagen da ba su shiga takarda ba.

Saura magana ɗaya, kuma ba ta wasa ba ce. Kun san halin tsaro da jiharmu ta shiga a 'yan shekarun nan. Taswirar da ke nuna wa mai gyara hanya tana iya nuna wa mugu hanya. Kada ku sa gidan kowa, ko sunan mai gida, ko lambar waya, ko burtsatsen da ke cikin gidan wani. Kada ku zana hanyar da 'yan mata ke bi zuwa makaranta ko lokacin da suke fita ɗiban ruwa. Abin jama'a da ke bakin titi kawai. Kuma ku sani ɓoye falle ba goge shi ba ne. In kun rufe idon wani falle a PowerPoint kuka tura fayil ɗin ta WhatsApp, duk wanda ya karɓa zai iya buɗe idon ya ga abin da ke ciki. Abin da ba ku so a gani, ku cire shi ɗungurungum daga kwafin da za ku tura, har da jadawalin da ke bayansa. A My Maps kuma ku duba wa kuka ba izinin kallo kafin ku raba adireshin. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka, maƙwabcinku bai ba ku gidansa ku kai intanet ba.

Aikin wannan mako: kowane rukuni ya yi allo mai falle uku da akwati huɗu, a kwamfuta ko a leda. Ku yi shi sau biyu, sau ɗaya shuɗi a sama, sau ɗaya ja a sama. Ku kai wa wani babba a gida wanda bai san komai a kan aikin ba, ku nuna masa na farko na daƙiƙa goma, ku rufe, ku tambaye shi me ya gani. Ku nemi wani daban ku nuna masa na biyu. Ku rubuta amsoshin biyu kalma da kalma yadda suka faɗa, ku kai wa malamin Labarin Ƙasa ko na kwamfuta. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki zanen sanduna, mu ga abin da ke faruwa idan ma'auninsa bai fara daga sifili ba.